MURYAR TATAY BA TA TARI

Shafi na 23

Masu cika min akwatin saƙo da tambayar wa ke turo muryar, ku nemi wuri ku zauna.

Ningning ta zaga bayan gida wurin wanki, ta ja ƙyauren langa-langa ta rufe. A tsakar gida matan unguwa na yanka kabeji da karas na taliyar baƙi. Yau mahaifinta, da suke kira Tatay, ya cika kwana arba'in da rasuwa, ya bar mahaifiyarta, Nanay. Ƙarfe uku za a fara addu'a, yanzu ɗaya saura.

Ta kira yayanta Rodel, da take ce wa Kuya, wanda ke aikin lantarki a Doha. Sai a kira na huɗu ya ɗaga. Can safiya ce, yana cikin rigar aiki, hular kwano a kansa.

"Kuya Rodel."

"Ning, ina bakin aiki."

"Sauko daga tsanin."

"Lafiya? Nanay ce?"

"Ka sauko tukuna. Ba na son a ce ni na kayar da kai."

Hoton ya yi rawa, ya nuna silin, ya nuna takalmi, sannan fuskarsa ta dawo.

"Na sauko."

"Kai ne ke turo wa Nanay muryar Tatay."

Wani inji na gurnani a bayansa.

"Wa ya gaya miki?"

"Ka ji ka? Ko musu ba ka iya ba."

"Ning..."

"Shekara talatin Tatay yana jan keke mai ƙafa uku yana shaƙar hayaƙi. Bai taɓa haɗa magana biyu bai yi tari a tsakani ba. Jiya na zauna na saurari saƙonnin nan ashirin da takwas ɗaya bayan ɗaya. Ko gyaran murya babu."

"Tari kawai?"

"Tari kawai."

"Ban yi tunaninsa ba," in ji shi, kamar da kansa yake.

"Na taɓa yi wa Nanay zancen tarin. Ka san me ta ce? Wai a wajen Ubangiji babu tari."

Dariya ta kufce masa, ya haɗiye ta da sauri.

"Da me ka yi?"

"Manhaja ce. Za ki zuba mata tsofaffin saƙonnin mutum, ki rubuta abin da kike so, ta faɗa da muryarsa. Kin san Tatay, kullum da safe sai ya turo mana aya da wa'azinsa na minti biyar. Ina da ɗaruruwa. Shafin nasa kuma ni na buɗe masa, lambar sirrin tana kaina."

"Ka tayar da mamaci da lambar sirri."

"Kada ki yi min wa'azi."

"Ba wa'azi ba ne. Tambaya nake, me ya sa?"

"Kina nan ranar addu'ar kwana tara. Wa ya ɗaga Nanay daga ƙasa?"

Ita ce. Ta tuna nauyin uwarta a hannunta, marar nauyi, kamar kwandon wanki.

"Kwana tara ba ci ba magani," ya ci gaba. "Ga hawan jini, ga ciwon suga. Ke da kika je Manila kika karanci haɗa magani, kin zauna gabanta da ƙwaya kina roƙo. Ta sha?"

"A'a."

"Fada Elpidio, limamin coci guda, ya zo da ƙafarsa. Ta sha?"

"A'a."

"Ni ina nan, kamfani ya hana ni hutu, ta waya na kalli jana'izar ubana. Na rubuta layi ɗaya: Pacita, ki ci abinci, ki sha maganinki. Ke kika gaya min ta cinye kwano biyu. Har kuka kika yi min, kina cewa Allah ya ji addu'armu."

Ningning ta jingina da kwamin wanki. Gaskiya ya faɗa. A ranar ta durƙusa ta gode wa Ubangiji. Ta yi sati guda cur ba ta tambayi kanta komai ba, don ba ta son amsar. Yanzu ba ta san ko godiyar nan tana nan a matsayinta ba, ko kuwa sai ta je ta karɓo ta.

"Ka san abin da ya koma?" ta ce. "Aling Bebang ta unguwarmu ta sa shi a Facebook. Mutane na kunna kyandir a ƙofar gidanmu. Nanay ta ɗora wayarta a kan bagaden ɗaki, kusa da siffar Yesu Jariri. Shekaranjiya wani ya taso daga gari na uku, wai a tambayar masa Tatay lambobin caca."

"Ban ce a sa a Facebook ba."

"Ka taɓa ganin abin da ya shiga kunnen Aling Bebang ya kwana a ciki?"

Ya kau da kai daga wayar.

"To tunda ka iya, me ya sa ka yi shiru? Kwana uku ke nan babu saƙo. Kwana uku ba ta taɓa magani ba. Ƙafafunta sun kumbura, Kuya. Da safe na auna jininta, na sake aunawa don ban yarda da na farko ba."

Ya cire hular kwanon, ya share goshi.

"Tana ba shi amsa, Ning."

"Kamar yaya?"

"Tun daga ranar farko. Tana turo masa nata saƙon. Abin da ta dafa, rufin kicin da ke yoyo, wai kina saka gishiri da yawa. Ni nake ji."

"Ba kai take gaya wa ba."

"Na sani. Amma ni nake ji."

"Sai me ya faru?"

"Ranar Talata ta turo na minti goma sha ɗaya."

Ya waiga hagu da dama, ya matso da wayar bakinsa.

"Ranar da ya rasu, ƙarfe shida na yamma, ina Nanay take?"

"Tana jan carbin Rosari a bidiyo kai tsaye a shafinta, kamar kullum."

"Ya kira ta."

"Wa?"

"Tatay. Sau uku. Daga bakin gada, inda aka tsince shi a kife a kan keken. Ta ga sunansa yana haskawa. Idan ta ɗaga, bidiyon zai yanke. Ranar mutum ɗari uku da wani abu ke kallo, ba ta taɓa tara haka ba. Ta kashe kiran. Ya sake, ta kashe. Ya sake, ta kashe. Ta ce a ranta so yake ya tambaya ko ya sayo kifi."

Ningning ta ji ƙarar wuƙa a kan katako daga tsakar gida, da dariyar wata mata. Ta kasa haɗa su da abin da take ji.

"Washegari ta goge kiran daga wayarta. Tasa kuma ta farfashe lokacin da ya faɗi. Ba wanda ya sani. Ko Fada ba ta furta wa ba."

"Sai kai."

"Sai ni."

"Me take so?"

"Ya yafe mata kafin ya wuce. Kin san yau ne, ranar arba'in da ake cewa ran mamaci ke tafiya. Ta ce idan aka shafa addu'ar arba'in ya tafi bai ce komai ba, to ta gane amsar, kuma ba ta ga amfanin magani ba."

"Kuya..."

"Na rubuta. Tun ranar Talata yana nan a shirye. Pacita, na yafe miki. Daƙiƙa huɗu ne. Sau ashirin na ɗora yatsa na janye."

"Kada ka tura."

"Me ya sa?"

"Ba naka ba ne da za ka bayar."

"Tatay zai yafe mata. Kin sani, na sani. Mutumin da ya yafe wa wanda ya sace masa batir har ya kai shi gida?"

"Zai yafe. Amma ba shi zai faɗa ba, kai ne."

"Ita ba ta sani ba."

"Allah ya sani."

"Allah ya san ƙafafunta sun kumbura."

Shekara goma sha biyu tana waƙa a ƙungiyar mawaƙan coci, ta haddace ayoyi a kan ƙarya, ta haddace a kan girmama iyaye. Ba ta taɓa zaton za su tsaya mata a ƙofa ɗaya suna hana juna wucewa ba.

"Gobe fa?" ta ce a ƙarshe. "Ka yafe mata yau. Gobe ta tambaye shi yaya sama take. Jibi ta tambaye shi ko in auri wane. Za ka zauna a Doha kana zama Tatay har yaushe?"

"Daga yau shi ke nan. Arba'in ta cika, ya tafi. Ba mai tambaya."

"Ka tsara har da tafiyarsa."

"Idan ta mutu da gaskiyar taki fa, 'yar Manila? Ke za ki ɗauka?"

"Ban sani ba."

"To."

"Ban sani ba, Kuya. Amma zan shiga in gaya mata kafin uku. Idan kana da magana, ka yi da bakinka."

"Ba ki san komai ba, Ning," ya ce a hankali. "Rabin zancen kika ji."

Ya kashe.

Ba ta shiga ba. Ta ɗauko kujerun roba daga gidan maƙwabta ta jera. Ta wanke kofunan da aka riga aka wanke. Ta gyara hoton Tatay a kan tebur sau biyu. Ƙarfe biyu ta wuce, biyu da rabi ta yi.

Aling Bebang ta tare ta a bakin baranda, wayarta a kan sanda, hoda ta yi mata yawa a wuya.

"Ke 'yar nan, mahaifin naki ya yi magana yau?"

"A'a, Aling Bebang."

"Zai yi. Ranar tafiya ce, ba zai wuce ba sallama ba. Na gaya wa mutanena su shirya, har na Italiya sun ce za su kalla. Ki ce wa uwarki ta fito da wayar mu ɗora a tsakiya, na kawo lasifika."

"Addu'a za a yi, ba wasa ba."

"Ji min yarinya. Shaida ce. Ko a Manila an koya muku ɓoye aikin Ubangiji?"

"Taliyarki tana kamawa."

Aling Bebang ta juya da sauri wajen murhu. Ningning ta shige.

Nanay na zaune a bakin gado cikin baƙar rigarta, carbin Rosari a hannu, ba ta ja. Kyandir biyu na ci a kan bagade. A tsakaninsu wayarta ce, jingine da ƙafar siffar. Ƙwayoyin safe na cikin ɗan faranti inda Ningning ta bar su, da kofin ruwa da ƙuda ya faɗa.

"Nanay."

"Ƙarfe nawa?"

"Uku saura ashirin."

"Akwai lokaci."

Ningning ta zubar da ruwan ta taga, ta zuba wani. Ta durƙusa a gabanta.

"Nanay, ina da magana."

"Idan ta magani ce, ki bari."

"Ta Tatay ce."

Wayar ta yi ƙara.

Nanay ta miƙe da saurin da Ningning ba ta ga ta yi ba tun jana'iza. Ningning ta riga ta, ta ɗora tafin hannu a kan wayar.

"Ɗaga hannunki."

"Ki saurare ni tukuna."

"Ya amsa. Ɗaga hannunki, Luningning."

"Ba shi ba ne."

"Me kika ce?"

"Ba Tatay ba ne, Nanay. Tun farko ba shi ba ne. Kuya Rodel ne. Akwai wata na'ura a waya da ke kwaikwayon murya. Ya ba ta tsofaffin saƙonnin Tatay, yana rubuta mata abin da za ta faɗa."

Nanay ta dube ta kamar mai jin wani yare.

"Ya kira ni Pacita."

"Kuya ya san sunanki."

"Ya ce in daina barin tukunya a wuta."

"Kowa a gidan nan ya faɗa miki haka."

"Na ci abinci," in ji Nanay. "Na ji ƙarfi. Na tashi na je coci. Wannan ma Rodel ne?"

"Ban sani ba, Nanay."

"Ke komai ba ki sani ba, amma kin san ba mijina ba ne."

Ta koma ta zauna a hankali. Carbin ya zame daga cinyarta, ba ta ɗauka ba. Ningning na kallon fuskarta lokacin da sauran zancen ya iso mata.

"Abin da nake tura masa..."

"E."

"Wa ke ji?"

"Kuya."

"Duka?"

"Duka."

"Na ranar Talata?"

Ningning ta sunkuyar da kai.

"Ke ma kin sani ke nan."

"Ɗazu ya gaya min."

Nanay ba ta yi kuka ba. Ta kalli hannayenta, ta juya su.

"Na furta zunubina ga ɗan da na haifa," ta ce. "Shi kuma ya gaya wa ƙanwarsa. Saura Bebang."

"Ba wanda zai ji."

"Ba ni wayar."

"Nanay..."

"Ba ni. In ji me ɗana ya sa mijina ya ce yau."

Ningning ta ɗaga hannunta. Saƙo biyu ne suka shigo, kuma ba daga shafin Tatay ba. Sunan Rodel ne a kai. Nanay ta danna na farko.

"Nanay, ni ne. Rodel." Muryarsa ce tasa. "Ning ta gaya miki ko za ta gaya miki. Ni na yi. Ba na neman komai yanzu. Amma kin ce sau uku ya kira. Huɗu ne. Na huɗun ni ya kira. Ina saman tsani, na ga sunansa, na ce a raina tsohon nan zai riƙe ni rabin awa. Ban ɗaga ba. Sai ya bar min saƙon murya. Na ce zan ji idan na tashi aiki. Kafin in tashi, Ning ta kira tana kuka."

Ya ja numfashi.

"Kwana arba'in yana cikin wayata ban buɗe ba. Na iya ƙirƙirar muryarsa sau ashirin da takwas, na kasa jin ta gaske sau ɗaya. Yanzu na buɗe. Shi ne na biyun nan. Wannan nasa ne, Nanay. Na rantse."

Saƙon ya ƙare. A waje an fara jan kujeru, wata ta ɗaga waƙar Maryamu don gwada lasifika.

Nanay ta daɗe tana kallon na biyun. Tsawonsa daƙiƙa goma sha tara.

"Ya rantse," ta ce. "Da me zan gane?"

Ningning ta matso kusa da ita.

Nanay ta danna.

Ƙarar babura. Iska. Sai tari, irin nasa, mai zurfi, mai ƙarewa da ɗan fito a ƙirji.

Nanay ta damƙe wuyan hannun Ningning.

"Rodel." Tari kuma. "Uwarka tana addu'a. Na manta ƙarfe shida ne, na yi ta damunta. Kada a katse ta. Ka kira min Ning ta zo bakin gada. Ƙirjina ne... ba wani abu ba. Ka ce wa uwarka ta sa ni a cikin addu'ar."

Wani abu ya bugi ƙasa. Shiru.

Sai a lokacin Nanay ta yi kuka, ba sauti, bakinta a buɗe. Ta sake dannawa ta ji. Ta sake. A karo na uku ta laluba farantin ta kwashe ƙwayoyin a tafin hannunta.

Ningning na durƙushe tana lissafi a ranta ba da sonta ba. Babu mai ƙirƙirar saƙon da zai ɗora wa kansa mutuwar ubansa. Ka kira min Ning. Da ya ɗaga, da ta isa gadar nan cikin minti biyar. Rodel ba zai rubuta wa kansa wannan ba.

Ko kuwa zai rubuta, idan shi ne kaɗai abin da zai sa a yarda.

Awa biyu da suka wuce bai san tari ne ya tona shi ba. Ita ta gaya masa. Da bakinta. Ta kuma ba shi awa biyu tana wanke kofuna.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa.

"Pacita, Fada ya iso," in ji Aling Bebang. "Mun hau kai tsaye, mutum ɗari shida. Na ji kamar muryar namiji a ciki. Ya yi magana ne?"

Nanay ba ta waiga ba. Ƙwayoyin na hannunta na dama, kofin ruwa a na hagu, ba ta kai ko ɗaya baki ba. Idonta na kan 'yarta.

"Ke kika gano na ƙaryar," ta ce. "Ke kika ce min ba shi ba ne, kuma kin yi gaskiya. Yanzu ki dube ni, Luningning. Wannan nasa ne?"